Kwana Ɗaya A Bakin Tekun Jidda Kafin Shiga Jirgin Ruwa: Ɗakin Maki Kyauta Ne?

 

Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da tarbiyyar yara, mu leƙa wani abu da ya fara shigowa hirar mata a gidajen biki, har ma da ajin matan aure na Islamiyya, wato yawon shaƙatawa a cikin jirgin ruwa. A da, idan aka ce Hajiya ta tafi Jidda, abu biyu ne ke zuwa zuciya: ko Umra, ko sarin kaya. Yanzu an sami na uku. Tun a shekarar 2021 wani katafaren jirgin kamfanin MSC mai suna Bellissima ya fara ɗaukar masu yawon buɗe ido daga tashar Jidda yana zagayawa da su a Bahar Maliya. A watan Disamba na 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna AROYA, mai tsawon mita 335, wanda ke ɗaukar fasinja sama da 3,300. An fito da shi ne ba giya, ba ɗakin caca, ga wuraren salla a ciki, abin da ya sa iyalan Musulmi da dama suka fara sha'awar irin wannan tafiya.

To amma ba cikin jirgin za mu shiga yau ba. Maganarmu ta tsaya ne a kan daren da ke gabanin shigarsa, da kuma wata al'ada da ta zo tare da shi: maigida ya ce miki, "Kada ki damu, a babban otal na bakin teku za mu kwana, kuma ko kwabo ba zan biya ba, da maki na kama ɗakin." Wannan magana tana da daɗin ji. Sai dai akwai tambayoyin da ya kamata uwargida ta yi kafin ta fara haɗa akwati.

Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce

Abu na farko da za ki sa a ranki shi ne, wannan kwana ba almubazzaranci ba ne, ko da a ƙaramin masauki za a yi shi. Jirgin ruwa ba ya jira a cika, kuma ba ya jiran wanda ya makara. Yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi ya bar gaɓa, galibi kuma ana rufe karɓar fasinja tun da sauran awa ɗaya da rabi ko biyu ya tashi. Wanda ya iso bayan nan, sai dai ya tsaya ya ga wutsiyar jirgi, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni ba a mayar masa da kuɗinsa.

Yanzu ki dubi inda muke fitowa. Lokacin da aka fi yin wannan yawo a Bahar Maliya shi ne lokacin sanyi, wanda ya yi daidai da lokacin hazo a wurinmu. Duk wadda ta taɓa raka matafiyi filin jirgin Malam Aminu Kano tsakanin Disamba da Fabrairu ta san yadda hazo ke hana jirage sauka da tashi, a ce a dawo gobe. Tafiyar Kano zuwa Jidda ta kusa awa biyar a sama, agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa biyu. Ga layin duba fasfo, ga jiran kaya, wani sa'in ma akwati ɗaya ya ƙi isowa sai a jirgi na gaba. Bayan haka filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana arewacin gari ne, tashar jiragen ruwa kuma tana can kudu kusa da tsohon gari, sai an ratsa Jidda da cunkosonta. Iyalin da suka shirya sauka da safe su shiga jirgin ruwa da la'asar, sun ɗora kuɗin tafiyar gaba ɗaya a kan sa'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni a ganina kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, mai tafiya da yara ƙanana a lokacin hazo kuwa, kwana biyu ya fi masa kwanciyar hankali.

A kula kuma, waɗannan jirage ba sa zama a tasha ɗaya duk shekara. AROYA ɗin da muka ambata, a bazarar 2025 daga Istanbul ta ƙasar Turkiyya ya riƙa tashi. Saboda haka a fara tabbatar da tashar da jirgin zai tashi a ranakun da aka zaɓa, kafin a kama ɗaki a ko'ina.

Mene ne makin?

Manyan kamfanonin otal na duniya suna da wani tsari na riƙe abokan ciniki. Mutum zai yi rajista kyauta, duk sanda ya kwana a otal ɗinsu ya biya, sai su zuba masa maki a asusunsa gwargwadon abin da ya kashe. Idan makin ya taru, sai ya musanya shi da kwana. Na kamfanin Hyatt sunansa World of Hyatt, na Marriott shi ne Bonvoy, na Hilton kuma Hilton Honors. Dukkansu suna da otal a gaɓar tekun Jidda. A unguwar Alhamra akwai Park Hyatt, wanda aka gina dab da ruwa yana fuskantar maɓulɓular Sarki Fahad, akwai kuma Ritz-Carlton na rukunin Marriott. Hilton yana can sama a arewacin Kornish, wato dogon titin nan na bakin teku. Ga mai shiga jirgi washegari, Alhamra ta fi kusa da tasha.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne kalmar "kyauta" ke fara sauya kama. Hyatt na ba ɗan ƙungiya maki 5 a kan kowace dala ɗaya da ya kashe. Mu ƙaddara, a misali, ɗakin da ake so maki 25,000 ne a dare. Ke nan sai mutum ya kashe dala 5,000 a otal ɗinsu kafin ya sami wannan dare ɗaya. Ashe ba kyauta ba ce daga sama, ragi ne da aka jinkirta, irin gyaran da mai awo ke yi wa wadda ta saba saye a wurinsa. Idan dama tafiye-tafiyen dole ne, kamar ɗan kasuwa ko ma'aikaci mai yawan fita, to gyara ta samu, madalla. Amma wanda zai riƙa ƙirƙiro tafiya, ko ya bar masauki mai sauƙi ya koma mai tsada don kawai maki ya taru, wannan ya sayar da akuya ne don ya sami igiya.

Sannan maki ba kuɗi ba ne da za a ajiye a banki a manta. Kamfani ne ke da ikon darajarsa, kuma yana sauya ta yadda ya ga dama. Hilton ya daina amfani da tsayayyen jadawalin farashi tun 2017, Marriott ma ya bi sahu a 2022, ta yadda adadin makin da ɗaki ke ci yake hawa da sauka kamar farashin kasuwa. Bugu da ƙari, a waɗannan kamfanoni uku, asusun da ya yi wata 24 ba a motsa shi ba, makinsa na iya ƙonewa.

Daga ina makin ya fito?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma ita ce ba a cika yi ba. Ɗakin zai iya zama ɗaya, gadon ɗaya, amma hukuncin ya bambanta gwargwadon hanyar da makin ya biyo.

Idan makin ya taru ne daga kwanan da maigida ya biya da aljihunsa, babu wata matsala. Kyauta ce daga mai sayarwa zuwa ga mai saye, kamar ragin farashi.

Hanya ta biyu ita ce katin bashi na banki. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, mafi yawan masu tara maki da yawa ta wannan hanya suke tara shi: banki ya ba ka kati ka riƙa sayayya bashi, ya zuba maka maki mai yawa na maraba, da sharaɗin idan wata ya ƙare ba ka biya duka ba, za a ɗora maka kuɗin ruwa. 'Yan uwanmu mazauna can da 'ya'yanmu masu karatu sun san wannan, wani lokaci ma su ne ke kama wa iyaye ɗaki da makinsu don kyautatawa. To a sani, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad a shekarar 2000 a kan wannan mas'ala, ta kuma yanke cewa bai halatta a fitar ko a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai riƙa biya kafin wa'adi ya cika. Dalili shi ne ya riga ya sa hannu a kan yarda da sharaɗin. Akwai malaman da suka sassauta ga mazauna ƙasashen da rayuwa ba ta yiwuwa sai da irin wannan kati, matuƙar ana biya a kan kari. Amma wannan sassauci na lalura ne, kuma ban ga yadda kwana a ɗaki mai kallon teku zai shiga babin lalura ba. Katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusunka, ko katin bankin Musulunci marar kuɗin ruwa, hukuncinsa daban. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, ta halatta a ba mai irin wannan kati alfarma kamar ragi a otal ko jirgin sama.

Hanya ta uku ta fi kusa da mu, kuma ta fi santsi. Maigida ma'aikaci ne, ofis ke tura shi taro Abuja ko Legas ko waje, ofis ke biyan otal, amma makin yana shiga asusunsa na kansa. Na wane ne wannan maki? Wurare da yawa sun yafe wa ma'aikaci, wasu a rubuce, wasu a al'adance. Wasu kuma sun ce na ma'aikata ne. Abin da ya kamata shi ne ya tambaya ya ji, kada ya yi shiru don gudun amsar. Inda haɗarin yake sosai shi ne a ce shi ke zaɓar masauki, sai ya riƙa kai ofis otal mai tsada alhali ga mai sauƙi da zai wadatar, don makinsa ya ƙaru. Nan an taɓa amana, musamman idan dukiyar jama'a ce. Uwargida, ba cewa na yi ki kafa wa maigida kotu ba. Cikin raha da ladabi za ki iya cewa, "Alhaji, wannan makin dai na tafiyar ofis ne ko? Sun san da shi kuwa?" Namiji mai tsoron Allah zai gode miki, ko ba a ranar ba.

Akwai kuma 'yan tsakiya da ke tallar ɗakin manyan otal a rabin farashi a WhatsApp da Instagram, su kama miki da makin wani mutum da ba ki sani ba. Ki guje su. Dokar waɗannan kamfanoni ta hana sayar da maki a bayan fage, idan suka gano suna soke ɗakin su rufe asusun, wani lokaci ma makin na sata ne daga asusun wani bawan Allah. Ki yi tunanin tsayuwa a gaban teburin karɓar baƙi da tsakar dare, da goyo da akwatuna, a ce babu sunanku. Idan ɗa ko ƙani ne zai yi muku kyautar, akwai hanyar da kamfanin ya amince da ita, a sa sunan wanda zai kwana tun wajen kama ɗakin, daidai da yadda yake a fasfo, a kuma turo takardar tabbaci a buga ta a riƙe a hannu.

Abin da maki ba ya biya

Maki kuɗin ɗaki yake biya, shi ke nan. Karin kumallo ba ya ciki, sai ga wanda ya kai babban matsayi a ƙungiyar, kuma karin kumallon mutum biyar a irin wannan otal zai iya cin kuɗin cefanen sati biyu. A kan abinci da wanki kuma akwai harajin kashi 15 cikin 100 da Saudiyya ta sa tun watan Yulin 2020. Ƙaramin firjin nan na cikin ɗaki mai lemo da cakulan, ki ja wa yara kunne tun daga ƙofa, domin kowace kwalba a lissafe take.

Ɗakin da ake bayarwa da maki galibi shi ne na ƙasa a daraja, na mutum biyu, wani lokaci da ƙaramin yaro. Mai 'ya'ya huɗu ɗaki biyu za ta nema, makin ya ninka ke nan. Kuma ba lallai tagarsa ta kalli teku ba, sai an roƙa, in akwai sarari su ba da. Ana ba da makulli ne da misalin ƙarfe uku na rana, a karɓe shi da sha biyun rana washegari. Idan jirginku na asuba ne, a rubuta musu tun da wuri a nemi alfarmar shiga da wuri, in ba haka ba za ku yini a kujerun zaure.

Wani abin da ke ba mutanenmu kunya shi ne kuɗin jingina. Ko da an biya ɗaki da maki, otal zai nemi kati ya riƙe wani adadi saboda abin da za a iya ci ko a ɓata, sai bayan an fita ya sake shi, sakin kuma kan ɗauki kwanaki. A 2022 bankunan Nijeriya da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a waje, a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi amma da iyaka. Don haka maigida ya je bankinsa ya tabbatar, ya kuma riƙe Riyal a hannu.

Idan an isa

Idan duk wannan ya daidaita, to 'yar uwa ki sake jiki ki more ni'imar Allah, babu laifi a ciki. Wani sauƙin da Jidda ke da shi a kan sauran biranen da ake shiga irin wannan jirgi shi ne ba ki da fargabar abinci, ba a sayar da giya a otal, akwai alamar alƙibla a ɗaki, kiran salla kuma yana iso ki har gado. Duk da haka ki tambayi lokacin mata a wurin ninƙaya da motsa jiki kafin ki tura 'yan matanki.

Bayan magariba ku fita Kornish da yara su ga maɓulɓular Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985, tana feso ruwan teku sama fiye da mita 250, an haske ta da fitilu. Idan da sauran ƙarfi, ku leƙa Albalad, tsohon garin Jidda mai dogayen gidaje da tagogin katako, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. A nan ne za ki ba yara darasin da ba za su manta ba: Sayyidina Usman bin Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira. Kakanninmu da suka yi shekaru a hanya ta Chadi da Sudan, suka tsallako daga Suwakin a ƙananan jiragen ruwa, a wannan gaɓar suka sauka, ba otal ba maki.

Da yawa za su ce, ga mu a Jidda, jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018 yana kai mutum Makka cikin kusan rabin awa, me zai hana mu yi Umra? Niyya ce mai kyau, amma a yi ta da ilimi. Wanda ya baro gida da niyyar Umra, ra'ayin mafi yawan malamai shi ne ya ɗauki harami a cikin jirgin sama idan an zo daidai miƙati, kada ya bari sai ya sauka Jidda. Kuma kada a matse Umra a daren da za a wayi gari a shiga jirgin ruwa, da yara da gajiya. A ƙara kwana, ko a bar ta sai an dawo.

Nan ne zancen biza ya shigo. Jirgin da ya bar Jidda ya tsaya a Sharmus-Shaikh ta Masar ko Aƙaba ta Jodan, ya fitar da ku daga Saudiyya ke nan, dawowarku kuma sabuwar shiga ce. Bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Lokacin da Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido ta intanet a Satumbar 2019, ƙasashe 49 ta lissafa, babu Nijeriya a ciki. Saboda haka kada a dogara da "ai an ce". A nemi kamfanin jirgin ya rubuto irin bizar da mai fasfon Nijeriya ko Nijar ke buƙata a kowace tasha. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara kuma yana cikin jaka.

Wannan dare shi ne kuma damarki ta sake shirya kaya. Manyan akwatuna a bakin tasha ake karɓe su, ba za su iso ɗakinku na jirgi ba sai bayan wasu awanni. Ki ware ƙaramar jaka mai fasfo, magunguna, sallaya, hijabi da kayan canjin yara. Kaskon turare da gawayi da kyandir da dutsen guga kuwa, a bar su a gida. Babu abin da ma'aikatan jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara, za a ƙwace su a wurin bincike. Ko a otal ɗin ma, hayaƙin turaren wuta na iya tayar da ƙararrawar gobara a tashi bene guda. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Mai juna biyu ta lissafa satinta da kyau, domin galibin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda za ta shiga sati na 24 kafin tafiyar ta ƙare, da yawa kuma ba sa karɓar jaririn da bai kai wata shida ba.

Game da salla, kwana ɗaya ko biyu a Jidda bai fitar da ku daga hukuncin matafiya ba, za ku yi ƙasaru, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya sai an yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ake cikawa. A cikin jirgi kuma ana yin farilla a tsaye matuƙar za a iya, a fuskanci alƙibla, idan jirgin ya juya a juya tare da ita gwargwadon iko.

Saura magana ɗaya, ga gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Makin nan sau da yawa ɗaki ɗaya yake isa, to wa za a tafi da ita? Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ita ce abokiyar tafiya. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ɗauki ƙuri'ar a matsayin wajibi idan matan ba su yarda da zaɓin ba. Malikiyya sun ba miji zaɓi a tafiye-tafiye, ban da irin ta Hajji da jihadi. Amma tafiyar shaƙatawa mai hotuna a bakin teku, wadda za a gani a waya kafin a dawo, ba na jin akwai abin da zai kashe wutarta kamar a yi ƙuri'a a gaban kowa, a kuma faɗi tun a zaman cewa zagaye na gaba na wadda ta zauna ne. Ke kuma da ƙuri'a ta faɗo a kanki, hotunan nan ki adana su a wayarki, ki tuna da tsarabar 'yar uwarki da ta riƙe miki gida da yara.